MASU GADIN KABARIN ADABI

Jama'a, ba al'adata ba ce in ɗauko rigimar da aka yi a zaure in kawo ta bakin kasuwa, amma akwai maganar da in mutum ya haɗiye ta sai ta zame masa ciwo. A wani zaman muhawara na wannan ƙungiya tamu, batu ya biyo ta kan wata mawaƙiyar zamani ta ƙasar Polan da ake kira Sanah, wadda ta ɗauko rubutattun waƙoƙin manyan sha'iran ƙasarsu ta sa musu kiɗa ta rera. Sai wani ɗan'uwa, wanda ba zan kama sunansa ba, ya tashi ya ce wannan cin mutuncin adabi ne, wai ina ruwan 'yar kiɗan samari da aikin magabata. Aka tafa masa. To, ni ban tafa ba, kuma ga dalilina.

Bari mu fara da sanin wadda ake magana a kanta, don na lura da yawa daga cikin masu tafin nan ba su san ko daga ina ta fito ba. Sunanta na yanka Zuzanna, an haife ta a shekarar 1997. Ba da ka ta shigo harkar kiɗa ba, domin kuwa ta yi karatun gogen Turawa a Jami'ar Kiɗa ta Chopin da ke Warso, babban birnin ƙasar. Da farko da Ingilishi take tsara waƙoƙinta tana sakawa a intanet, kamar yadda dubban tsararrakinta suke yi, kai har sunan nan Sanah ma daga yadda Ingilishi ke faɗar Zuzanna ta gutsuro shi. Amma tauraronta bai haska ba sai da ta juyo ga harshen uwarta. A farkon 2020 ta fitar da waƙar “Szampan” da Polanci, ta game gidajen rediyon ƙasar, sannan faifanta na farko, “Królowa dram”, ya biyo baya a wannan shekara. Ta ƙara da “Irenka” a 2021 da “Uczta” a 2022.

A nan ne fa ta yi abin da ya jawo wannan takarda. A watan Nuwamba na 2022, tana da shekara 25, kasuwarta na ci, kuma ba abin da zai hana ta ci gaba da waƙoƙin soyayya tana kwasar kuɗi, sai ta fito da faifan da ta kira “Sanah śpiewa poezyje”, wato Sanah tana rera waƙoƙin sha'irai. A ciki akwai aikin Juliusz Słowacki da Adam Asnyk, mutanen ƙarni na 19, da na Julian Tuwim da Krzysztof Kamil Baczyński da Wisława Szymborska, mutanen ƙarni na 20. Waɗannan su ne sunayen da ake tilasta wa yaran Polan karantawa a makaranta, su haddace don jarrabawa, su mance da zarar an ajiye alƙalami. Faifan ya hau saman jerin waɗanda aka fi saye a ƙasar. A 2023 ta yi wasanni a filayen ƙwallo na Chorzów da Gdańsk da Warso, kuma shi filin na Warso kujerunsa kaɗai sun kai wajen 58,000.

Su ma a can Polan ba a rasa masu ra'ayin ɗan'uwan namu ba. Wasu masu sharhi sun ce ta yi wa waƙoƙin kiɗa mai zaƙi fiye da kima, wasu suka ce yadda take lanƙwasa kalmomi bai dace da manyan baitoci ba. Saboda haka ba mutum ɗaya nake yi wa raddi ba, wata ɗabi'a ce da ke ko'ina aka kafa jami'a, wato ɗabi'ar ɗaukar adabi kamar gawar wani waliyyi, a gina masa hubbare, a sa ƙofa, a rataya makulli a wuya.

Hujjarsu ta farko ita ce wai rubutacciyar waƙa ta fi ƙarfin kiɗan talakawa. Duk wanda ya faɗi haka game da Polan bai san tarihin Polan ba. A shekarun 1772 da 1793 da 1795 ne Rasha da Furushiya da Ostiriya suka yi wa ƙasar nan rabon nama, har aka shafe sunanta daga taswira, ba ta dawo ba sai 1918, wato bayan shekara 123. A tsawon wannan lokaci mutanen nan ba su da sarki, ba su da ƙasa tasu mai cin gashin kanta. Me ya riƙe su? Harshe da addini da waƙa. Manyan sha'iransu a gudun hijira suka yi rubutu. Adam Mickiewicz a Faris ya buga “Pan Tadeusz” a 1834. Shi kuwa Słowacki, waƙarsa “Hymn” da Sanah ta rera, a cikin jirgin ruwa ya tsara ta kusa da Iskandariyya ta Masar a 1836, yana kukan rabuwa da gida, kuma a Faris ya rasu a 1849. To, don Allah, mutumin da ke begen ƙasarsa daga tsakiyar teku, don wa ya yi waƙar? Don malaman jami'a goma sha biyu da za su ƙidaya masa gaɓoɓi, ko don duk wanda ya sha nonon harshen?

A 1901, a wani gari da ake kira Września, hukumar Jamusawa ta ce a koyar da darasin addini da Jamusanci. Yara 'yan firamare suka ƙi amsawa da harshen da ba nasu ba. Aka yi musu bulala, aka kai wasu iyayen kurkuku. Waɗannan yara ba su da digiri a kan nazarin adabi, amma da bayansu suka kare harshen da manazarta ke cin abinci da shi yau. Yanzu kuma sai a ce jikokinsu ba su isa su rera Słowacki a filin ƙwallo ba? Haba jama'a!

Hujja ta biyu ita ce wai abin da ta yi bidi'a ce. Nan ma rashin sani ya fi dare duhu. Rera waƙoƙin sha'irai tsohuwar sana'a ce a Polan, har suna gare ta na musamman. Tun a shekarun 1960 Ewa Demarczyk take rera Tuwim da Baczyński. A 1970 Czesław Niemen ya fitar da faifan “Enigmatic”, inda ya ɗora waƙar Cyprian Norwid a kan kiɗan zamani mai ƙara. Shi Norwid ɗin nan a gidan gajiyayyu ya mutu a Faris a 1883, mutanen zamaninsa ba su san darajarsa ba, amma sai ga samari na sauraren baitocinsa bayan shekara kusan casa'in. Ita kanta waƙar Szymborska da aka fi yi wa Sanah surutu a kanta, “Nic dwa razy”, wadda ma'anar sunanta shi ne ba abin da ke faruwa sau biyu, an buga ta a 1957, Łucja Prus ta rera ta a shekarun 1960, ƙungiyar Maanam ta sake rera ta a 1994, duka marubuciyar tana da rai. Wannan bai hana a ba ta kyautar Nobel a 1996 ba. Ashe kiɗa bai rage mata komai ba. Kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma gadon nan Sanah ta ɗauka.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suka ce kiɗa yakan rufe ma'ana, mai sauraro ya yi ta rausaya bai san abin da ake faɗa ba, kuma muryar mawaƙi ɗaya takan kulle waƙa a fassara ɗaya. Akwai gaskiya a nan. Baczyński yana da shekara 23 aka kashe shi a boren Warso na 1944, kuma duk wanda zai taɓa baitin irin wannan mutum dole ya taɓa shi da ladabi. Ni ma ba na cewa kowace waƙa a faifan nan ta dace da kiɗan da aka yi mata. Wanda ya ce an zuba wa wata sukari da yawa, yana da ikon faɗa, wannan shi ne aikin mai nazari, kuma muna so a yi shi.

Amma a lura da bambanci. Cewa “ba ta rera daidai ba” daban, cewa “ba ta da ikon rerawa” daban. Na farko nazari ne, na biyu ƙyashi ne da aka naɗa wa rawani. Sa'an nan wa ya ce fassarar da malami ke yi a aji ba ta kulle waƙa? Mu nan ɗalibai ne, mun sani. Sau nawa aka ba mu waƙa aka ce ga jigonta, ga salonta, ga ma'auninta, muka kwafe, muka mayar wa malam kayansa ranar jarrabawa, ba tare da baiti ɗaya ya taɓa mana zuciya ba? In kiɗa na iya kashe waƙa, to allo ma na iya kashe ta, sai dai shi allo ba ya ƙara, shi ya sa ba a kama shi. Daɗin daɗawa, rerawar Sanah ba ta goge rubutun Szymborska daga littafi ba. Yana nan yadda yake, duk mai so ya buɗe. Abin da ya sauya kawai shi ne yawan waɗanda suka san akwai shi.

Wasu kuma suka ce ai neman kuɗi ne. To, sai me? Mai buga littafi sadaka yake yi? Malamin da ke koyar da Słowacki ba ya karɓar albashi a ƙarshen wata? In kuɗi kaɗai take nema, akwai hanyar da 'yan kasuwar kiɗa suka fi yarda da ita, wato a jefar da harshen gida a rungumi Ingilishi, wai don duniya ta ji. Mu duba inda hanyar ta kai. A gasar waƙa ta ƙasashen Turai da ake kira Eurovision, Polan ta aika da Blanka a 2023 da waƙar Ingilishi, ta zo ta 19. A 2024 ta aika da Luna, ita ma da Ingilishi, ba ta ko kai zagayen ƙarshe ba. Matsayi mafi girma da ƙasar ta samu a tarihin shigarta gasar shi ne na biyu, a 1994, lokacin da Edyta Górniak ta yi waƙa da Polanci, ko da yake a wancan zamani dokar gasar ce ta wajabta harshen gida. Ban kawo wannan don in muzanta waɗannan 'yan mata ba, kowa da rabonsa, kuma ba harshe kaɗai ke sa a ci gasa ba. Na kawo shi ne don a ga cewa a shekarar da ake neman yardar baƙi da harshen aro, a shekarar ce wata ta cika filayen ƙwallo da harshen kakanninta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kada kuma a ce ta yi wa magabata sata. A jikin faifan, kowace waƙa da sunan mai ita a gefen sunanta. Yarinyar da ta ji “Hymn” a wayarta, sunan Słowacki take gani. In cikin dubu ɗaya mutum goma suka je suka nemi littafinsa, an ci riba, domin goman nan da can ba su da niyyar zuwa. Ku gaya mini wace lacca ce ta taɓa tara mutum dubu hamsin don su ji baitin sha'iri?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce Bahaushe ne ke wannan ƙorafi. Mu da ko kalma ɗaya muke da ita, waƙa, ga ta baka ga rubutacciya? Mu da sha'irinmu ba ya cewa ya gama aiki sai ya sa mata murya? “Imfiraji” ta Aliyu Namangi ba ta ɗakin karatu ta shiga gidajen mutane ba, ta bakin masu rerawa ta shiga, a ƙofar gida da kasuwa da rediyo. Ban ce a ɗauko waƙar wa'azi a sa mata kalangu ba, kowane abu da muhallinsa. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya tashi a cikin wannan al'ada bai kamata ya zama shi ne zai ɗaure wa masu hana rerawa gindi ba. Wannan ra'ayi na cewa waƙa ta gari sai a takarda, a yi shiru a karanta da ido, shi ne baƙo a wurinmu, kuma a aji muka tsince shi.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu daraja, mu sake tunani a kan aikinmu. Manazarci ba mai gadi ba ne, ɗan jagora ne. In mawaƙi ya ɗauki aikin magabata ya rera, mu saurara, mu auna, mu ce nan ka gyara, nan ka ɓata, mu nuna masa abin da ya tsallake. Amma kada mu tare ƙofa. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, sai dai zumar da aka toshe a tulu aka hana kowa lasa ba ta warkar da kowa.

Shi kuma ɗan'uwana da ya tayar da wannan magana, ban riƙe shi da komai ba, kuma na san shafukan wannan mujalla a buɗe suke gare shi. Sharaɗi ɗaya kawai nake roƙo: kafin ya ɗauki alƙalami, ya nemi faifan ya saurara tukuna, ya kuma nemi fassarar waƙoƙin ya karanta. In ya yi haka, ko da bai sauya ra'ayi ba, Sanah ta riga ta ci nasara a kansa, domin ta sa shi ya karanta Słowacki.

Allah ya sa mu gane gaskiya, ya ba mu ikon bin ta. Wassalam.