Uwargida, ba kowace gajiya ce ta jego ba

Mace ta haihu, an yi suna, an yi arba'in, har yaro ya fara zama, amma jikinta ya ƙi dawowa. Kullum kasala, gashi na zuba, ana zafi ita tana jin sanyi. In ta yi magana sai a ce ai haka raino yake. Sau da yawa hakan ne. Wani lokaci kuwa matsalar tana wuyanta.

Ki ɗora yatsunki a gaban wuyanki, ƙasa kaɗan da zakaran wuya. A nan akwai wata tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi da likitoci ke kira tayirod. Ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta shi ne ta tsamo sinadarin aidin daga cikin jini, ta haɗa shi da wani furotin, ta samar da sinadarai biyu, T4 da T3. Lambobin suna nuna yawan ƙwayoyin aidin da ke jikin kowanne. T4 ta fi samarwa, sai hanta da ƙoda da wasu sassan jiki su cire masa aidin ɗaya ya koma T3, wanda shi ne mai ƙarfin aiki.

Waɗannan sinadarai su ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, jinin al'ada, har da girman ƙwaƙwalwar yaro. Ki ɗauke su kamar wutar murhu. In ta yi ƙasa tukunya ba ta tafasa, in ta yi yawa abinci ya ƙone.

Mai iza wutar kuma yana cikin kai. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, ita ke aiko da saƙo mai suna TSH. In sinadaran tayirod sun yi ƙaranci a jini sai ta ƙara TSH, in sun yi yawa ta rage. Shi ya sa sakamakon gwaji ke rikita mutane. TSH mai yawa yakan nuna tayirod ta yi sanyi, TSH kaɗan kuma yakan nuna ta zarce. Haka nan in babu isasshen aidin a abinci, TSH zai yi ta matsa mata lamba har ta kumbura ta zama maƙoƙo.

In ta yi sanyi za ki ga kasala, jin sanyi, bushewar fata, taurin bayan gida, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, mantuwa, al'ada mai yawa ko jinkirin samun ciki. In ta zarce kuma sai faɗuwar gaba, rawar hannu, yawan gumi, rashin barci, rama alhali kina ci, wani lokaci idanu su firfito.

Mata sun fi maza kamuwa, kuma bayan haihuwa lokaci ne na lura. Kimanin mace 5 zuwa 10 cikin 100 garkuwar jikinsu kan taɓa tayirod a shekarar farko bayan haihuwa. Galibi takan fara da zarcewa a watannin farko, sannan ta yi sanyi wajen wata 4 zuwa 8. Yawanci takan daidaita cikin shekara guda, amma wasu sai sun ci gaba da shan magani.

Mai ciki kuwa nauyin rai biyu ke kanta. Tayirod ɗin ɗan tayi ba ta fara aiki sai wajen mako na 12, kuma har tsakiyar ciki da sinadarin uwa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar maikrogiram 150 na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa kuma 250. Mu da muke nesa da teku, gishiri ne babbar hanyarmu. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci. Ki sayi na leda wanda aka rubuta haka a jikinsa, domin gishirin gargajiya irin su manda galibi ba a saka masa. Ki adana shi a mazubi mai murfi nesa da murhu, don zafi da danshi na rage aidin. Ba a ce ki ƙara gishiri a miya ba, wanda kike sawa ne ya zama mai aidin.

Ki lura da jinjiri ma. Shawarar da ta wuce mako 2, yawan barci, ƙin kama nono da taurin bayan gida sun isa a kai shi asibiti. In aka gano da wuri, magani na tsare masa ƙwaƙwalwa.

Idan an ɗora ki a kan levothyroxine, ki sha da ruwa da sassafe, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Ki bar tazarar awa 4 tsakaninsa da maganin ƙarin jini da ake bayarwa a wajen awo, domin yana hana shi shiga jiki. Da kin ga kin samu ciki ki sanar da likita, don yawanci sai an ƙara yawan maganin. Kada ki daina sha saboda kin ji sauƙi, kuma kada ki bari a yi wa maƙoƙo tsaga ko sakiya, wurin cike yake da jijiyoyin jini.

Duk wadda ta ga kanta a alamomin nan, ta je asibiti ta nemi gwajin TSH, jini kaɗan ake ɗiba. In akwai tambaya ki ajiye a ƙasa, za mu duba a mako mai zuwa. Allah ya ƙara mana lafiya, ya raya mana zuri'a.