Wai Babba Ba Ya Gudu? Ku Zo Mu Je Bagudo

Tun da aka ji cewa na ɗauki ɗabi'ar gudun safe, har ina haɗa ta da tafiye-tafiyen da nake yi na kai littattafai, wasu suka sa ni gaba da ba'a. Wannan ya ce furfura ta zo hankali bai zo ba, wancan ya ce babba ba ya gudu sai in gobara ce ta tashi ko an biyo shi bashi. To yau ga amsata, wanda ta yi wa zafi ya sha ruwa.

Da farko, wa ya ce gudu baƙon abu ne a wurinmu? Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, kuma duk alhajin da ya yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya san inda maza ke sassarfa. Kakanninmu fatake kuwa da ƙafa suke tashi daga Sakkwato da Jega, su ratsa Illo da Kandi da Jugu har Salaga don sayo goron Gwanja. Jikokinsu ne yau ba sa iya zuwa masallacin unguwa sai a kan kabu-kabu, sannan su zauna a majalisa suna yi wa mai motsa jiki dariya. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, kuma sa gudun namu ya riga ya iso, sunansa hawan jini da ciwon suga.

Abin da ya fi ɓata mini rai a ƙasar Bagudo na gan shi. Duk lokacin da na haye Kogin Kwara na sauka Illo ko Lolo, ko na bi ta Ka'oje zuwa Tsamiya, nakan fita bayan sallar asuba in bi hanyar gona da gudu. Wallahi sau da yawa yaro makiyayi ɗan shekara goma sha, da silifa a ƙafa da sanda a kafaɗa, zai jero da ni yana dariya, ni ina haki shi yana ba ni labari, in ya gaji da wasan ya wuce ya bar ni. Wannan yaro bai taɓa jin sunan Abebe Bikila ba, mutumin Habasha da ya ci gudun fanfalaki na kilomita 42 a birnin Rum a 1960 ba takalmi. Bai san ana ba da kuɗi a kan abin da yake yi kullum a kyauta ba. Tun 2016 ake gasar gudu a Legas, 'yan Kenya da Habasha na zuwa suna kwashe daloli, a 2020 an yi irinta a Kaduna, mu kuwa muna nan muna gardamar ko mai gudu yana da hankali.

Ka ƙetara Jamhuriyar Benin ka ga bambanci. Na yi gudu a Malanbil, garin da ke kallon Gaya ta Nijar a ɗaya gaɓar kogi, na yi a Kandi, ban ga wanda ya juyo ya kalle ni sau biyu ba. Da safiyar Asabar samari ke fita rukuni-rukuni, har da magidanta masu tumbi irina, kuma birnin Paraku yana da gasarsa ta fanfalaki. Su waye mutanen wannan yanki? 'Yan uwan mutanen Illo da Lolo ne, Dandawa da Fulani da Hausawa, sallarmu ɗaya, tuwonmu ɗaya. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a 1898 suka raba ƙasar Bargu biyu. To in ba addini ne ya hana ba, ba kuma jini ba, mene ne in ba girman kai da lalaci ba?

Shawarata ita ce a shirya tseren shekara-shekara daga Tsamiya zuwa Segbana, ko daga Lolo zuwa Malanbil, masu kuɗin Kebbi su sa kyauta. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba talakan ƙasashen nan biyu damar shiga da fita ba biza. An rufe iyakokin Nijeriya a watan Agustan 2019, mutanen bakin iyaka suka ɗanɗana kuɗarsu, ko sau ɗaya a bari a ambaci garuruwansu da wani abu ban da fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur.

Na san za a ce ba tsaro, ga Lakurawa da suka addabi sassan Kebbi tun 2024. Gaskiya ne, ba kuma na cewa a kai 'ya'yan mutane halaka. Amma jami'an da ke tsare taron siyasa da bikin kamun kifi na Argungu za su iya tsare hanya ɗaya na safiya ɗaya, kuma saurayin da ba shi da abin yi shi ne ɗan ta'adda ke nema. Za a kuma ce Kenya da Habasha tsaunuka ke taimakonsu, Bagudo kuwa kwari ce mai zafi. Na yarda, shi ya sa 'yan Filato suka fi mu a wannan fage. Sai dai ko ba mu samu zakaran duniya ba, mun samu lafiya da zumunci, wani yaron kuma ya samu kuɗin makaranta.

Ku kuma 'yan uwana marubuta, har da ku a laifin. Jaruman littattafanmu ba sa gumi. Daga Marsandi sai jirgin Dubai, daga Dubai sai Indiya, alhali marubucin ko Lolo bai taɓa takawa ba. Yaro ya karanta littafi hamsin bai ga namijin kirki ko ɗaya yana tafiya da ƙafa ba, yaya ba zai raina mai gudu ba? Ku fito da jarumi makiyayi ɗan Ka'oje wanda ya ci tsere ya auri sahibarsa, mu ga ko kasuwa za ta ƙi shi.

Wanda ke da ja, fili a buɗe yake, ya ɗauko alƙalami. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.