Wuta-wuta da saƙon da saiwar dawa ke aikawa

Duk manomin dawa a Saji, da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya, ya san wuta-wuta. Abin da nake so mu duba a wannan makon shi ne yadda take gane cewa dawa na kusa da ita.

A ƙarshen kowace saiwa da kan kowane tsiro akwai gungun ƙwayoyin halitta da ba sa daina rabuwa. Ƙwayoyin gado ne ke tsara musu aiki: WUSCHEL a kan tsiro, WOX5 a bakin saiwa. Saiwa da tsiro kuma suna aika wa juna saƙo da sinadarai. A 2008 masana suka tabbatar cewa ɗaya daga cikinsu, sitirigolakton, yana hana shuka yawan rassa. Idan ƙasa ta yi ƙarancin fosfaras, saiwa na ƙara fitar da shi domin ta jawo wasu ƙananan halittun ƙasa masu taimaka mata tsotso abinci. Irin wuta-wuta, wanda kan shekara fiye da goma a ƙasa yana jira, wannan sinadari ne ke tada shi. Ya tsiro, ya liƙe wa saiwar. Shi ya sa gonar da ta gaji ta fi shan wahalarta.

A 2017, masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka, ciki har da Farfesa Gebisa Ejeta ɗan Habasha, suka gano ƙwayar gado mai suna LGS1. Dawar da wannan ƙwaya ta sauya a cikinta tana fitar da wani nau'in sinadarin wanda bai cika tada wuta-wuta ba. Ta hanyar barbara da zaɓen iri ake shigar da wannan hali cikin dawa, ba sai an ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta ba.

A ganina, cibiyar binciken noma ta Samaru da Jami'ar Bayero su ne ya kamata su gwada irin wannan dawa a gonakin kudancin Kano, da manoman a gaba, domin iri ba ya karɓuwa sai tuwonsa ya yi daɗi, karansa kuma ya yi danni. Kafin nan, manomi ya zuba takin gargajiya, ya riƙa sauya dawa da gyaɗa ko waken soya, ya tuge wuta-wuta kafin ta yi fure, don kowace guda na zubar da iri dubbai.

Allah ya ba mu damina mai albarka.