Ƙwayar Jinkirta Al'ada: Shawara Ga Maniyyata Mata

 A wannan wata zan taɓo wata magana da ake yi a ɗaki da ƙaramar murya. Iyayena mata da ƙannena su yi mini afuwa, domin matambayi ba ya ɓata.

Duk shekara idan tafiya Makka ta gabato, a zangunanmu na Kumasi da Nima da sauransu, mata maniyyata kan shiga zullumi. Mace ta yi shekaru tana tara kuɗin kujera, sai ta duba kalanda ta ga jinin al'adarta zai zo daidai da kwanakin aikin Hajji, wato daga 8 zuwa 13 ga Zulhajji. Mai haila kuwa tana yin sauran ayyukan Hajji, amma ba ta ɗawafi sai ta yi tsarki, kamar yadda ya faru da Nana A'isha a Hajjin Bankwana. An ɗauke mata ɗawafin bankwana, amma na ifala rukuni ne, kuma jirgin dawowa ba ya jiran kowa. Shi ya sa da yawa suke neman ƙwayar da za ta tsayar da jinin.

Malamai irin su Shehu Ibn Baz da Shehu Ibn Usaimin sun halatta shan irin wannan magani matuƙar ba zai cutar ba. To, matsalar tana wajen yadda ake shansa. Sai ana gobe tafiya a aika yaro kantin magani, ko a karɓi ragowar na maƙwabciya. Shawarata ita ce a fara shiri tun da sauran wata 3, kuma a fara shi a gaban likita ko ungozoma.

Da farko mu san yadda ƙwayar tsarin iyali take. Irin wadda aka fi sani, kamar Microgynon, katinta mai 28 yana da ƙwaya 21 masu sinadari biyu, estirojin da furojestin, sannan guda 7 masu wani launi dabam waɗanda babu sinadarin a cikinsu. Jinin da mace ke gani a makon waɗannan 7 ɗin yana zuwa ne saboda jiki ya rasa sinadarin da ya saba samu. Waɗanda suka ƙirƙiro ƙwayar, wadda aka amince da ita a Amurka a 1960, sun sa wannan hutu ne don abin ya yi kama da al'adar da aka sani. A 2019 ƙungiyar likitocin wannan fanni a Ingila ta bayyana cewa hutun bai ƙara wa lafiya komai ba. Saboda haka maganar da ake yi cewa jinin zai taru a ciki ya ruɓe ba ta da tushe, domin ƙwayar tana hana bangon mahaifa yin kauri tun farko.

Mace da ta riga ta saba da irin wannan ƙwaya tana da hanya biyu. Ta farko, idan ta gama guda 21, sai ta tsallake 7 ɗin nan ta buɗe sabon kati nan take. Ta sha kwana 42 ke nan a jere, jinin ba zai zo ba sai ta yi hutu. Aibin wannan hanya shi ne wasu matan kan ga ɗigon jini a tsakiya, musamman a karon farko. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa ko ɗigo ɗaya ana lissafa shi haila a wajen ibada, kun ga an gudu ba a tsira ba. Wadda hakan ya same ta sai ta tambayi malamin ayarinsu.

Hanya ta biyu ita na fi ganin dacewarta, wato a matsar da makon jinin tun ana gida. Ga lissafin. A ce Hajiya ta ƙirga kwana 28, 28 a kalanda, ta ga makon hutunta zai faɗa daga 8 zuwa 14 ga Zulhajji. Tun da sauran wata 2 ko 3, idan ta gama guda 21, sai ta ƙara 10 daga wani katin kafin ta yi hutu, daga nan ta ci gaba yadda ta saba. Kowane hutu na gaba ya matsa da kwana 10, na Zulhajji ya koma 18 zuwa 24, bayan an gama aiki. Idan ɗigo zai zo, a gida zai zo, ba a Mina ba. A yi ƙirgen da kwanaki, domin watan Musulunci 29 ne ko 30, katin kuwa 28 ne. A kuma duba ranar shiga Makka saboda ɗawafin Umra.

Akwai ƙa'idoji da ba a ketarewa. Ana iya gajarta hutu, amma kada ya wuce kwana 7, in ba haka ba ƙwai na iya fitowa a ɗauki ciki. Kada a yi hutu sai an sha aƙalla 21 a jere. Wannan lissafi na ƙwayar da duk 21 ɗinta iri ɗaya ne. Ƙwayar masu shayarwa, irin su Microlut, ba ta da hutu, kuma ba a matsar da jini da ita. Postinor-2 kuwa na gaggawa ne, rikita al'ada yake yi.

Wadda ba ta shan ƙwayar tsarin iyali, likita kan ba ta Primolut N, wanda a nan Gana ake kira N-tablet. Ana shan ƙwaya mai miligiram 5 sau 3 a rana, a fara da sauran kwana 3 kafin ranar da ake tsammanin jini, kuma jinin kan zo kwana 2 ko 3 bayan an daina. Magani ne na 'yan kwanaki, likita ke yanke adadinsu. Ba a dogara da shi wajen hana ɗaukar ciki, duk da cewa wasu matanmu suna shansa da wannan nufi.

Dalilin da ya sa na dage a kan ganin likita shi ne daskarewar jini. Waɗannan magunguna suna ƙara haɗarin jini ya dunƙule a jijiyar ƙafa, gudan ya tafi huhu, abin da kan yi kisa. Haɗarin ya fi yawa a watannin farko na fara sha, zaman jirgi na fiye da awa 4 yana ƙara shi, ga kuma zafin Makka da ƙishirwa. Ƙwaya mai sinadari biyu ba ta dace ba da mai hawan jini, da wadda ta taɓa samun daskarewar jini ko shanyewar ɓarin jiki, da mai ciwon kan ɓari ɗaya da ke zuwa da walƙiya a ido, da mai shan taba da ta kai shekara 35, da mai ciwon dajin mama ko ciwon hanta mai tsanani, da mai jego da ba ta daɗe da haihuwa ba. Maniyyatanmu da yawa sun haura arba'in, wasu suna da hawan jini ba su sani ba. Ranar da aka je allurar rigakafin sanƙarau, a roƙi a auna jini, a faɗi duk maganin da ake sha, domin na tarin fuka da wasu na farfaɗiya suna rage wa ƙwayar ƙarfi.

A can ƙasa mai tsarki a tuna agogonsu ya wuce namu da awa 3. Mai sha ƙarfe 6 na yamma a gida, ƙarfe 9 na dare za ta sha. A sa maganin a jakar hannu tare da ƙarin kati, a sha ruwa sosai, a riƙa miƙe ƙafa a jirgi. Wadda ta ji ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ciwon ƙirji, ko numfashi yana sarƙewa, ta nemi likitan ayari a take.

Game da azumi kuwa, Allah ya yi wa mace rangwame ta sha ta rama daga baya, don haka ban ga dalilin takura wa jiki wata guda ba. Mu maza kuma, wanda ya iya biyan kujera bai kamata ya ji ƙyashin kuɗin ganin likita ba. Maigida ya raka iyalinsa asibiti, ya taya ta lissafin kalanda.

Allah ya kai maniyyatanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, ya karɓi ibadarsu. Sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.