Takardun Marubucin Yara: Gado Ne ko Waƙafi?

Idan marubuci ya rasu, abin da jama'a suka fi tunawa da shi shi ne littattafansa da aka buga, waɗanda ke jere a kantuna da makarantu. Ba kasafai ake tambayar inda sauran kayan aikinsa suka shiga ba, wato littattafan rubutun da ya fara tsara labari a cikinsu, da shafukan da ya buga da tafireta ya soke ya sake, da wasiƙun da suka gudana tsakaninsa da edita, da zane-zanen farko, da kuma littattafan wasu da ya karanta ya yi musu alama a gefe. In kuwa marubucin na yara ne, to, abin ya fi muni, domin mutane da yawa, har da masu ilmi, suna ɗaukar rubutun yara tamkar wasa, wanda ba ya cin gumi balle a adana sawunsa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, irin waɗannan kaya mazauninsu sashen adana takardu ne na ɗakin karatu, kuma a bayar da su bayarwa ta har abada, a rubuce, tun marubucin yana da rai in da hali.

Misalin da ya fi fito da amfanin haka fili shi ne na Astrid Lindgren, marubuciyar ƙasar Suwidin, wadda aka haifa a 1907 ta rasu a 2002. Takardunta suna Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke birnin Sitokholm, kuma a 2005 hukumar UNESCO ta shigar da su cikin jerin takardun da duniya ke alfahari da su. A ciki akwai dubban wasiƙun da yara da manya suka aika mata daga ƙasashe daban-daban. Labarinta da ya fi shahara, na wata yarinya mai suna Pippi, ta fara rubuta shi ne a 1944 ta ba 'yarta kyauta ranar da ta cika shekara 10. Kamfanin ɗab'i na farko da ta aika wa ya ƙi karɓa. Sai ta yi masa gyara, ta rage wa yarinyar tsiwa, ta shiga gasar wani kamfani a 1945 ta yi na ɗaya. Da yake ba a yar da rubutun farkon ba, an buga shi a 2007, ga shi yanzu duk mai nazari zai iya ajiye biyun kusa da juna ya ga abin da marubuciyar ta cire, ya kuma tambayi kansa ko don inganta labari ta cire, ko kuwa don gudun fushin iyaye da malaman zamaninta.

Akwai kuma wani darasi a nan. Lindgren ta koyi aikin sakatare tun tana budurwa, saboda haka da taƙaitaccen rubutun nan na sakatarori take fara tsara labaranta. Ta bar littattafan irin wannan rubutu kimanin 670, waɗanda suka daɗe a ajiye ba a nazarce su ba, don kuwa masu iya karanta shi sun yi ƙaranci. Sai a 2020 aka fara wani shiri na warware su, aka haɗa aikin kwamfuta da taimakon mutanen da suka koyi rubutun a da, mafi yawansu dattawa. Wanda ya san yadda masu karanta ajami da kyau suke raguwa a cikin ɗaliban jami'a, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Takarda tana iya tsira daga gara, amma ta rasa mai karanta ta.

To, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Ruwansa kuwa babba ne, domin ginshiƙin rubutaccen zuben Hausa na boko littafin 'yan makaranta ne. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, ya yi wata 6 yana aiki tare da Dokta Rupert East a Hukumar Talifi, ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka buga a littafi 3 don a riƙa karantawa a aji. Sanin kowa ne cewa labaran da ke ciki, kimanin 80, da yawansu an samo tushensu daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, aka sa musu rigar Hausa. Tun daga wancan lokaci manazarta suke bin sawun labaran ɗaya bayan ɗaya, suna kwatanta bugaggen littafin da littattafan da suke zaton daga nan aka ɗebo. Aiki ne mai kyau, amma bugaggen littafi ƙarshen tafiya kawai yake nunawa. Tambayoyin da suka fi zafi, wato wace jimla ce marubuci ya fara rubutawa, wace ce edita ya taɓa, wane labari aka tsara aka fasa, a wane mataki karin magana ya shigo, duk ba mai amsa su sai takardar da alƙalami ya yi kai da kawo a kanta. Haka yake ga littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, da Wasannin Yara na Umaru Dembo, da duk wani aiki da aka ɗebo daga bakin mutane aka mayar rubutu. Tsakanin abin da tsohuwa ta faɗa da dare da abin da yaro ya karanta a aji akwai tazara, kuma a cikin takardun mai tattarawa ne kaɗai ake ganin faɗinta.

Wasu na tsoron cewa bayyana irin waɗannan takardu zai rage darajar marubuci, musamman in aka ga jan alƙalamin edita a kansu. Wannan tsoro ba shi da tushe. Wanda ya ga yadda aka sassaƙa turmi daga gungume, girman masassaƙi ƙaruwa yake yi a idonsa.

Babban abin da ke barazana ga takardu a ƙasar Hausa ba mugunta ba ce, rabon gado ne. Gida da gona da kuɗi suna da ƙima sananniya, ana raba su a wuce wurin. Littattafai kuwa sai a kasa su kashi-kashi, wannan ɗa ya tafi da nasa Kano, wancan ya tafi da nasa Legas. Tarkacen takardu, da yake ba a ganin kuɗi a jikinsu, sai a zuba su a akwati a tura ƙarƙashin gado ko cikin sito, damina ta jiƙa su, gara ta yi gida, wata rana a share ɗaki a ba mai ƙosai. Alhali kuwa amfanin irin waɗannan kaya yana cikin zamansu wuri ɗaya, domin wasiƙa ba ta da ma'ana in an raba ta da amsarta. Ga shi kuma shari'a ba ta rufe ƙofa ba. Mutum yana da ikon yin kyauta ko waƙafi da abinsa yana da rai, yana kuma da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba. Malaman zaure sun daɗe da sanin waƙafin littattafai, ba baƙon abu ba ne.

Sai dai wajibi ne a bambanta kyauta da ajiya, kuma labarin Maurice Sendak, marubuci kuma mai zanen littattafan yara na Amurka, ya isa gargaɗi. Tun ƙarshen shekarun 1960 ya fara kai zane-zanensa da takardunsa ɗakin karatu na Rosenbach da ke Filadelfiya, har suka haura guda 10,000. Ma'aikatan wurin suka shekara fiye da 40 suna kula da su suna nuna wa jama'a. Ashe mafi yawansu ajiya ce, ba a mallaka wa ɗakin karatun ba. Ya rasu a 2012, a 2014 gidauniyar da ya bari ta karɓe kayanta, aka kuma shiga kotu a kan wasu tsofaffin littattafai masu tsada da ya ambata a wasiyyarsa. Abin mamaki, cikin abin da aka yi jayayya a kai har da ko littattafan Beatrix Potter suna cikin littattafai masu wuyar samu da wasiyyar ke nufi, ko kuwa littattafan yara ne kawai. Sai a 2018 aka daidaita da Jami'ar Connecticut ta karɓi zane-zanen ta adana. In haka ta faru a inda lauyoyi suka rubuta wasiyya, ina ga inda aka saba miƙa kaya da baki, a ce amana ce?

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun iyalan da suke ƙin bayarwa ita ce halin da ɗakunan karatu da yawa suke ciki. Za su ce, rufi yana yoyo, ƙurar hunturu ta lulluɓe kanta, ba wutar lantarki, ma'aikacin da ya karɓi kaya ya yi ritaya ba wanda ya san inda ya sa su, wani mai bincike kuma ya ari fayil bai mayar ba. Ba a iya ƙaryata wannan duka. Amma akwatin da ke cikin sito ba shi da rajista, ba shi da wanda za a tuhuma in ya ɓata, kuma ba ɗalibin da zai iya zuwa ya buɗe shi. Wuraren ajiya kuwa suna nan: Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero. Abin da ya kamata iyali su yi shi ne su bayar da sharaɗi. A ƙirga kaya a gabansu a rubuta jerinsu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. A ɗauki hoton kowane shafi a ba su nasu. A rubuta cewa haƙƙin bugawa yana nan hannun magada, don mallakar takarda daban, mallakar abin da ke rubuce a kanta daban. Wasiƙun da suka shafi sirrin gida kuma a rufe su zuwa wasu shekaru da aka yarda a kai.

Sassan Hausa na jami'o'i suna da rawar da za su taka, kuma ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe suna rubuta kundin digiri, sau da yawa a kan littattafan da aka riga aka yi wa nazari har sau goma. Da za a ba wasu daga cikinsu aikin zuwa gidan marubucin littafin firamare, ko gidan magadansa, da izininsu, su tsara jerin abin da ke cikin akwatinsa takarda bayan takarda, da kwanan wata da irin rubutun, boko ne ko ajami, da an sami kundin da wani zai buɗe bayan shekara 50. Jerin nan kuma shi ne takarda ta farko da shugaban ɗakin karatu zai bukata kafin ya zauna da iyalin su yi maganar bayarwa.