Daga Lisbon zuwa Alau

Ranar 1 ga Nuwamba 1755, ana tsakiyar ibada, girgizar ƙasa ta rusa majami'un birnin Lisbon a kan masu addu'a, teku da gobara suka ƙarasa sauran. Masanin falsafa Voltaire ya tambayi laifin da jariran da suka mutu suka yi. Tambayar tana da nauyi, kuma duk mai imani ya san hikimar ƙaddara ta fi ƙarfin hankalinmu. Amma na fi karkata ga takwaransa Rousseau, wanda ya tuna masa cewa mutane ne suka cunkushe kansu cikin dogayen benaye. Haka madatsar Alau: kafin ta ɓalle ruwanta ya mamaye Maiduguri a Satumban 2024, an daɗe ana kukan ta lalace, masu alhakin gyara suka yi kunnen uwar shegu.