Raddi Ga Masu Auna Makaranta Da Sakamako Kaɗai

Akwai masu cewa a jera ƙananan makarantun sakandare na gwamnati bisa sakamakon jarrabawar BECE, a karrama na sama, a hukunta shugabannin na ƙasa. A wajensu maganar talauci uzurin malalata ne. Ban yarda ba.

Hujjarsu ta farko ita ce manhaja ɗaya ce, gwamnati ɗaya ke biyan albashi, kuma dokar UBE ta 2004 ta mayar da karatun shekara 9 na farko kyauta kuma tilas. Haka ne a takarda. Amma yaran ba gida ɗaya suka fito ba. Ga yarinyar da ta kai tallar ƙosai bakin tasha tun asuba, ta shigo aji darasi na biyu ya yi nisa, hannunta na warin mai. Ga ɗan ma'aikacin da aka ɗaukar wa malamin gida. Idan damina ta faɗi, rabin benci a makarantar ƙauye ya tafi shuka. Binciken da James Coleman ya jagoranta a Amurka a 1966, kan ɗalibai sama da 600,000, ya gano cewa halin gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri a kan sakamakonsa.

Sai su ce, ai ga makarantar talakawa da ta yi fice. To, yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka kai zauren jarrabawa? In an aurar da wasu, wasu sun tafi cirani, sakamakon waɗanda suka rage ba ya ba da labarin waɗanda suka ɓace.

Hujjarsu ta uku tana da ƙarfi: kada talauci ya zama mafakar malamin da ba ya shiga aji. Wallahi akwai irinsa, kuma a hukunta shi. Sai dai jerin nan ba zai kama shi ba. Wanda jerin zai kama kuwa shi ne malamin kirki da aka tura karkara, har ya fara neman canji zuwa birni. Maimakon haka, a gwada yaro ranar da ya shigo, a sake gwada shi ranar fita, a tambayi makaranta abin da ta ƙara masa. Ingila ta koma irin wannan awo a 2016 da tsarin Progress 8.